Ɗigo Bakwai

Ƙarfe biyun dare a Marinha Grande,
garin da yashi ke shiga wuta ya fito kwalba.
Ni ce Idalina. Aikina awo.
Duk rabin sa'a nakan tsamo biyar daga kan bel,
da ɗuminsu kamar burodin asuba,
in sa ma'auni a wuyansu,
in haɗa, in raba, in ɗiga ɗigo ɗaya a takarda.

Takardar layi uku gare ta.
Na sama shinge, na ƙasa shinge,
na tsakiya kuwa gida ne
inda ɗigo ke fita yana dawowa,
yau sama kaɗan, anjima ƙasa kaɗan,
kamar numfashin mai barci.
Wannan ba ya tayar mini da hankali.
Shekara ashirin da shida na koyi
cewa inji ma ba ya maimaita kansa daidai,
kuma wanda ke murɗa kusa don kowane motsi
shi ke koya wa inji rawa.

Amma daren nan
ɗigo bakwai a jere sun hau saman layin tsakiya,
sun ƙi saukowa.
Babu wanda ya taɓa shinge.
Suna dai hawa, a hankali,
kamar tururuwa da ta ji ƙamshin sukari.

Amílcar ya zo da kofin gahawarsa.
Ya ɗaga kwalba ga fitila, ya juya ta,
ya ce, lafiyarta ƙalau, Idalina,
ido ba mudu ba ne amma ya san kima.
Na ce, idonka ya ga guda ɗaya,
takardata ta ga dare uku.
Ya ce, to yaron nan ne, Valdemar,
tun da aka ba shi inji na huɗu ake samun haka,
gobe zan rubuta sunansa.

Yaron yana can yana share gumi da bayan safar hannu.
Matarsa wata takwas gare ta.
Ya ji. Bai ɗago ba.

Na jawo durowa, na shimfiɗa takardun mako shida
a kan teburin da ƙafarsa ɗaya ke ɗingishi.
Ga daren Valdemar, ga daren da yake hutu,
ga daren da Graciete ta riƙe injin,
ita da ba a taɓa kama ta da kuskure ba.
Hawan yana nan a dukansu.
Kullum bayan ɗaya da rabi.
Ruwa ba ya tsami banza,
sai dai ba kowa ke da haƙurin bin sa zuwa tulu ba.

Me ke faruwa ɗaya da rabi?
Muka tsaya, mu uku, muna sauraro.
Can ƙarshen zaure sarƙa ta yi ƙara:
babbar ƙofar lodi, an buɗe wa motar kaya.
Iskar teku ta ratso dajin fayin,
ta shigo da sanyinta ta lashi mazubi na huɗu,
shi kaɗai ke fuskantar ƙofar.

Amílcar bai ce komai ba.
Ya ajiye kofi, ya je da kansa
ya jawo labulen roba da aka naɗe tun bazara.

Biyu da rabi, ɗigo ya tsaya.
Uku, ya sauko taki ɗaya.
Uku da rabi ya tsallaka layin tsakiya,
ya koma yawonsa na banza, wanda nake so.

Da asuba kwalabe dubu arba'in suka hau mota,
za a cika su da man zaitun a wani gari.
Mai buɗe murfi ba zai san kome ba.
Valdemar ya wuce ta gefena da jakarsa,
ya ajiye lemo ɗaya a kan takardata.
Na matsar da shi kaɗan.
Ya rufe mini ɗigo na bakwai.